Me Ya Sa Yara Su Ke Zaɓen Karatun Likitan Haƙori?

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne a karkara, yau shekara 20 da 'yan kai ina wannan aiki. Karatuna bai yi zurfi ba, amma abin da idona ya gani a bakin aiki yana da yawa. Ina roƙon wanda ya iya karatu a gida ya karanta wa sauran wannan takarda, maza da mata, domin maganar ta shafi kowa.

Ga abin da ya sa na rubuta. Bara da kaka wani maƙwabcina, manomi, ya same ni bayan magariba, ransa a ɓace. Ɗansa na fari ya nemi karatun likita a jami'a, sai aka ba shi gurbi a sashen likitan haƙori. Ya ce mini, "Malam, in don cire haƙori ne, ai wanzamin garin nan ma yana yi, ko aji ɗaya kuwa bai taɓa shiga ba. A kan wannan zan sayar da bijimina?" Yaron kuwa yana so ya tafi, amma ba shi da bakin ja da ubansa.

Na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Saboda haka zan gaya muku abin da na gaya masa, in ƙara da abin da na ji daga bakin ɗaliban da kansu. Wani lokaci malamansu su kan kawo su ƙauyuka su duba bakin jama'a, ni kuwa ni na ke tara musu mutane, in mun zauna cin abinci mu kan yi taɗi.

Mene Ne Aikin Likitan Haƙori?

Ku sani cire haƙori shi ne abin da likita ya ke yi in dabara ta ƙare. Babban aikinsa shi ne ya ceci haƙorin ya bar wa mai shi abinsa.

Yaro yana da haƙoran nono 20, su kan fara fitowa yana da kamar wata 6. Babba yana da 32. Daga shekara 6 haƙoran girma su ke fara tsirowa, in kuwa ɗaya daga cikinsu ya tafi, ya tafi ke nan, wani ba ya maye gurbinsa.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan laushi. Can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini, sun bi ta cikin saiwa sun shiga muƙamuƙi. Mutanenmu su kan ce tsutsa ce ta ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ta ke manne wa haƙori. In mutum ya sha zaƙi, su ma sun sha, sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ya ke zaizaye ɓawon a hankali har ya yi rami. Muddin ramin yana kan ɓawo, ba a jin kome. In ya kai hawa na biyu, sai a fara jin tsami in an sha ruwan sanyi ko alewa. In ya kai ga jijiya, nan ne mutum ya ke kwana zaune riƙe da kunci. In an ƙyale kuma, sai mugunya ta taru a gindin saiwa, fuska ta kumbura.

To, likita ya kan share ramin tun yana ƙarami ya cike shi, haƙori ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. In ciwon ya kai jijiya, ya kan wanke cikin saiwar ya toshe. Ya kan kankare dauɗar da ta daskare ta ke cin dasashi. Ya kan yi wa mai giɓi haƙoran roba, tsoho ya koma cin nama da gyaɗa. Waɗanda suka ƙara karatu a cikinsu su ne su ke ɗaure muƙamuƙin da ya karye a haɗarin babur ko na mota, su ɗinke leɓen jaririn da aka haifa da shi a tsage, su cire ƙarin da ya ke tsirowa a ƙashin baki. Kun ga wannan ya wuce aikin awartaki.

Ba raina wanzami na ke yi ba, yana da nasa fage. Amma ba shi da allurar kashe zafi, ba shi da na'urar ɗaukar hoton saiwa. Sau da yawa haƙori ya kan karye masa, guntu ya zauna a ciki yana ruɓa. In kuma ba a dafa ƙarfen da ya shiga bakin wani ba aka sa a bakinka, ana iya ɗauko maka ciwon hanta ko ƙanjamau.

Dalili Na Farko: Abin Da Suka Gani A Gida

Da yawa daga cikin ɗaliban da na tambaya, wani abu ne suka gani tun suna ƙanana ya tsaya musu a rai. Wani uwarsa ya gani tana kuka da ciwon haƙori tana cusa kanwa da taba. Wani kuma kawunsa ne ya kumbura a ƙarƙashin haɓa har numfashi ya gagare shi, kafin a kai shi birni rai ya yi halinsa. Ni ma na ga irin wannan da idona. Magidanci ne mai ƙarfi, turminsa ɗaya ya ruɓe, ya yi ta shan ƙwayar kashe zafi daga hannun masu talla har kwana 10. Da aka kawo mini shi baki ba ya buɗuwa, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani. Muka nemi mota cikin dare. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, likitocin haƙori suka tsaga suka fitar da mugunyar, amma sai da ya yi mako biyu a kwance, gonarsa ta cika da ciyawa.

Wata ɗaliba kuwa cutar noma ce ta kawo ta, watau zaizayar baki. Tana yarinya ta ga ɗan maƙwabtansu da kunci a huje, ana ɓoye shi a ɗaki in an yi baƙi. Wannan cuta ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta kama, ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ta kan fara da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, sa'an nan kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta cinye tsoka har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, cikin yara 10 da ta kama har 9 suna iya mutuwa. In kuwa an gane ta tun tana kan dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau su kan tsai da ita. Ba aikin iska ba ne, ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani. A Sakkwato akwai asibitin yara masu wannan cuta tun 1999, inda a ke gyara fuskar waɗanda suka rayu. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a yi haka. Yarinyar nan ta ce mini burinta shi ne ta riƙa buɗe bakin yara tun kafin abin ya kai ga Sakkwato.

Dalili Na Biyu: Masu Ciwo Da Yawa, Masu Magani Kaɗan

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce mutum wajen biliyan 3 da rabi ne su ke fama da cututtukan baki da haƙori, watau kusan rabin mutanen duniya. Ruɓewar haƙori ita ce a kan gaba. A nan ƙasarmu ba sai an kawo muku lissafi ba. Ku tambayi kanku, daga garinku mil nawa za ku yi kafin ku ga likitan haƙori? Galibinsu suna manyan birane, karkara kuwa sai labari.

Abin kuma ƙaruwa ya ke yi. Kakanninmu zaƙinsu bai wuce rake da zuma da ɗan mazarƙwaila jefi-jefi ba. Yanzu kowane lungu akwai mai tebur da alewa da biskit da lemon kwalba, shayin safe ma sai an zuba sukari cokali huɗu. Yaro mai hankali in ya duba wannan ya san ba zai rasa masu bukatarsa ba har ya tsufa.

Wannan karatu ya daɗe a kudu kafin ya iso mana. Jami'ar Legas ce ta fara shi a 1966, daga baya Ibadan da Ife da Binin suka bi. Yanzu ana yinsa a nan Arewa, kamar a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Saboda haka ɗan Arewa yana iya koyo kusa da gida, ya kuma yi wa mutanensa bayani da harshen da su ke ji. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ta fi sakin jiki ta buɗe baki ga wanda ya gaishe ta ya ce mata "Sannu, Inna."

Dalili Na Uku: Aikin Hannu Ne

Akwai yaron da tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Shi ne mai ƙera motar kara, shi ne mai kwance rediyo ya mayar. Akwai yarinyar da in ta yi ɗinkin hula ko zanen lalle sai an tsaya kallo. Irin waɗannan su kan ji daɗin wannan karatu, domin ilimi ne haɗe da sana'a. A makaranta a kan ba su kakin zuma su sassaƙa haƙori da shi, tudu da kwari, kamar na gaske. Sa'an nan su yi ta koyon fafe rami da cikewa a bakin mutum-mutumi, sai hannu ya faɗa kafin a bar su su taɓa mai rai.

Wani ɗalibi, ɗan maƙera ne, ya ce mini abin da ya fi so shi ne yana ganin amfanin aikinsa nan take. Mutum ya shigo yana riƙe da kunci, kwana uku bai runtsa ba, kafin awa guda ya fita yana sa albarka. Budurwar da ta ke rufe baki da mayafi saboda haƙorin gaba ya gutsure, a gyara mata, a miƙa mata madubi, ta yi murmushi.

Dalili Na Huɗu: Hanyar Abinci Ce

Ba abin kunya ba ne mutum ya nemi sana'ar da za ta riƙe shi da iyayensa. Likitan haƙori likita ne cikakke. Hukuma ɗaya ce ta ke yi musu rajista da sauran likitoci a Nijeriya, ita ta ke ba su izinin aiki. Yana iya aiki a asibitin gwamnati, ko na soja, ko ya koyar a jami'a, in kuma ya ƙware ya samu jari ya buɗe wurin kansa.

'Yan mata da yawa sun ce mini sun duba zaman gida ne. Galibin aikin da rana a ke yinsa, kiran dare bai kai na masu karɓar haihuwa ko masu fiɗa yawa ba, sai dai ga waɗanda suka zaɓi aikin muƙamuƙi da fuska. Mace tana iya riƙe aikinta ta riƙe gidanta. Mu kuma a ƙauye mun san akwai matan da za su yi shekara da ciwo ba su yarda namiji ya duba su ba. Likita mace ita ce maganin wannan.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai waɗanda idonsu yana kan ƙasashen waje, su gama su tafi inda albashi ya fi tsoka. Wannan yana daga cikin abin da ya sa har yanzu mu ke cikin ƙaranci. Ba na zagin kowa, amma ina tuna wa yaranmu su riƙa waiwayen garin da aka sayar da akuya aka biya musu kuɗin makaranta.

Dalili Na Biyar: Waɗanda Ba Su Zaɓa Ba

Gaskiya ɗaya ce, wasu ba su nema ba, ba su aka yi, kamar ɗan maƙwabcina. Masu neman karatun likita sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, sai jami'a ta tura wasu sashen haƙori. Wani ya kan shiga yana gunaguni, yana jiran ranar da zai sauya. Amma da yawa sun ce mini da suka fara shiga asibiti suna ganin marasa lafiya, sai zancen sauyi ya fita daga ransu. In ɗanku ya samu kansa a nan, kada ku ce masa ya fāɗi. Gurbin nan ma ba a ba wanda bai ci jarrabawa da kyau ba.

Yadda Hanyar Ta Ke

Maigida, in kana da yaro ko yarinya mai sha'awa, ga abin da ya kamata ka sani.

1. Tun a babbar sakandare sai ya shiga ajin kimiyya. In ya bi wani aji, ƙofar ta rufe.

2. A jarrabawar fita, WAEC ko NECO, ana bukatar ya ci darasi 5 da kyau: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji.

3. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB a Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, ya samu maki mai yawa.

4. Karatun jami'a shekara 6 ne. A shekarun farko darasinsu kusan ɗaya ne da na sauran ɗaliban likita, suna koyon yadda jikin mutum duka ya ke, domin baki ba a rabe ya ke da jiki ba. Mai ciwon sukari dasashinsa ya fi saurin lalacewa, mai juna biyu dasashinta ya kan kumbura, mai hawan jini sai an yi hattara kafin a cire masa haƙori.

5. In ya gama, zai yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya a babban asibiti, sa'an nan ya yi shekarar bautar ƙasa.

Hanyar tana da tsawo, tana da cin kuɗi, don ban da littattafai akwai kayan aikin hannu da ɗalibi ya kan saya. Jarrabawarsu ba ta da sauƙi. Aikin kansa kuma a sunkuye a ke yinsa, baya da wuya su kan gaji, mai ƙyamar jini ko warin baki ba zai jure ba. Ku nemi tallafin karatu a hukumar jiharku tun da wuri. In kuma ƙarfi bai kai jami'a ba, makarantun koyon aikin lafiya na jihohi da dama suna horar da mataimakan likitan haƙori cikin shekaru kaɗan, su ma ana nemansu ƙwarai.

Kafin Likitan Ya Iso Garinku

Ɗaliban nan duk bakinsu ɗaya, rigakafi ya fi magani. Ga abin da suka roƙe ni in riƙa faɗa muku.

1. A goge haƙora sau biyu kullum, da safe da kuma kafin a kwanta. Na dare ya fi muhimmanci. A yi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, shi ne ya ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfi. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa nan da nan.

2. Asuwaki abu ne mai kyau, kada a bar shi. Amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi kowane haƙori ciki da waje, ba a rataya shi a baki ana hira kawai ba. Kada a dirje haƙori da gawayi ko toka ko yashi, suna cinye ɓawon.

3. Uwargida, ki fara goge wa yaro tun haƙorin farko. Ɗan ƙasa da shekara 3 man da za a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Ki riƙa taya shi har hannunsa ya iya.

4. A rage zaƙi. Yawan maimaitawa shi ne ya fi ɓarna, yaron da ya wuni yana tsotsar alewa haƙoransa sun wuni cikin tsami.

5. Kada a ɗora ƙwayar asfirin ko taba ko ruwan batir a kan haƙori mai ciwo, ƙona dasashi su ke yi. Kanumfari ya kan rage zafi, amma ba ya toshe rami.

6. In yaro yana zawo ko zazzaɓi mai zafi, kada a ce ai haƙori ne a zauna. A kawo shi.

7. A riƙa buɗe bakin yara ana dubawa, musamman wanda ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. In an ga gyambo a dasashi, ko jini, ko wari, ko kunci ya kumbura, a kawo shi ran nan. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda.

8. In haƙorin girma ya fita ɗungum saboda faɗuwa ko duka, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a sa shi cikin madara, a garzaya wurin likita. In an isa cikin awa guda ana iya mayar da shi ya kama.

9. Babba in ya kumbura a ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, kada a jira gari ya waye.

To, maƙwabcina dai ya saurare ni har na gama, bai ce kome ba, ya yi mini sai da safe. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo, ya ce in duba masa wani turmi na hagu da ya yi shekara yana taunawa da gefe ɗaya saboda shi. Na haska na ga rami, na rubuta masa takarda zuwa birni. Ya tafi yana tsammanin za a cire, sai aka cike masa, ya dawo da haƙorinsa a baki. Ran kasuwa ya ja bijimin da kansa. Yaron yanzu yana shekarar farko, da ya zo hutu ya tara ƙannensa a tsakar gida yana duba musu baki da tocila.

Saboda haka, jama'a, in yaronku ko 'yarku ta zo muku da wannan magana, ku zauna ku ji dalilinta, ku sa mata albarka. Wanda kuma ya ke da tambaya ya zo ɗakin shan magani mafi kusa da shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.